Famfon Banɗaki Da Ya Ƙi Daina Ɗiga: Yadda Ake Bin Sawun Yoyo Har Tushensa

Akwai bambanci tsakanin famfon da ya fara ɗiga yau da wanda aka gyara kafin azumi, aka sake gyarawa bayan sallah, ga shi kuma ya koma halinsa. Na farko roba ce ta tsufa, a canza ta a wuce wurin. Na biyu kuwa ba a robar gizo ke saƙa ba. Akwai abin da ke cinye ta, kuma muddin ba a gano shi ba, ko sau nawa ka aiki yaro kasuwar Gujungu ko ta Wudil ya sayo sabuwa, kwana kaɗan za ta yi ta bi sahun ’yar’uwarta.

Kada ka raina ɗigon. Famfon da ke sakin ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a kwana guda, kusan jarka ɗaya ke nan ta mai ruwa. A gidan da sola ke cika tanki sau ɗaya a rana, wannan ruwan alwalar asuba ne yake tafiya. Asarar da ta fi wannan ma a gini take. Yawancin gidajenmu na karkara, ko an yi banɗakin da bulo, katangar da ke jingine da shi ta ƙasa ce. Ruwa yana bin gindinta a hankali, ta yi naso, gara ta samu wurin zama, damina na zuwa ta zauna. Idan kuma ruwan masai yake gangarawa, ramin zai cika tun lokacinsa bai yi ba.

Fara da gano ta ina ruwan ke fita

Kafin ka taɓa sifana, samu busasshen tsumma ka goge famfon tas, tun daga jikin bango har bakinsa. Sai ka tsaya ka zuba masa ido. Idan da tocila ka haska, ko da rana ne, domin ruwa yana bin jikin ƙarfe ya je ya ɗiga nesa da inda ya fito.

Idan famfon a rufe yake amma bakinsa na ɗiga, matsalar tana can ciki, inda roba ko tangaran ke tare ruwa. Idan kuwa sai an buɗe ne ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashin mariƙi yana jiƙa hannu, to abin da ke kewaye da sandar famfon ne ya saki. In kuma jikin bango ne ke jiƙewa, ko a buɗe ko a rufe, haɗin famfon da bututu ne. Kowanne maganinsa daban, kuma sau da yawa abin da ya sa gyara ba ya ɗorewa shi ne an gyara na farko alhali na uku ne ke ciwo.

Ga mai famfon baho ko na shawa mai mariƙi biyu, na zafi da na sanyi, bakinsu ɗaya ne, don haka ba za ka san wanne ke yoyo da ido ba. Rufe bawul, wato marufin bututun da ke kai ruwa hita, ka jira minti goma. Idan ɗigon ya tsaya, ɓangaren zafi ne. Shi ne ma ya fi yawan lalacewa, don zafi yana busar da roba. Wani abu kuma: kan shawa da ke ɗiga na minti ɗaya ko biyu bayan an rufe, sannan ya yi shiru, lafiyarsa ƙalau, ragowar ruwan da ke cikinsa ne yake sauka. Haka ɗan bawul ɗin da ke jikin hita yana ɗigar da ruwa lokacin da take dafawa. Aikinsa ke nan, yana rage matsi. Kada ka kuskura ka toshe shi.

Wane iri ne a banɗakinka?

Hannunka zai gaya maka. Wanda ake murɗawa zagaye biyu ko uku kafin ya rufe, mai roba ne: sanda ce ke sauka ta danne washa a kan wani zobe na ƙarfe da ke cikin famfon, wato mazauninta. Wanda ke rufewa da ɗan juyi kaɗan, rubu’in zagaye, mai tangaran ne: fayafayai biyu ne masu santsi suke goga juna, ramukansu su haɗu ruwa ya wuce, su saɓa ya tsaya. Mai hannu ɗaya da ake ɗagawa sama a karkata hagu ko dama shi ma tangaran ne, amma an haɗe komai a cikin ɗan gwangwani na roba da masu shago ke ce wa katirij.

Kwancewa

Rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki. Idan akwai hita kashe wutarta tukuna, don in ta ƙone babu ruwa a ciki, gyaran ya tashi daga na roba ya koma na dubbai. Buɗe famfon ruwan da ke bututu ya tsiyaye. Toshe magudanar baho ko ta ƙasa da tsumma. Sukurun mariƙi ƙarami ne, in ya faɗa rami ya tafi ke nan.

Ɓamɓare ’yar murfin da ke saman mariƙi da bakin wuƙa, kwance sukurun, ja mariƙin. In tsatsa ta riƙe shi kada ka doke shi da guduma. Zuba masa ruwan lemon tsami, ka ba shi rabin sa’a, sannan ka riƙa girgiza shi a hankali. A ƙarƙashinsa za ka ga kan famfon mai kusurwa shida. Bar sandar a rabin buɗe, ka sa sifana ka juya hagu.

A nan mutane ke jawo wa kansu aiki. Hannu ɗaya na juya sifana, ɗaya hannun dole ya riƙe jikin famfon gam, ko da wata sifanar ko da filaya da aka naɗe wa tsumma. In ba haka ba, ƙarfin da ka sa ba a kan noti zai ƙare ba, a kan gwiwar bututun da ke cikin bango zai sauka. Bututun PVC ba ya jure murɗa.

Dubi tsohuwar robar kafin ka jefar

Ita ce shaidarka. Ɗora ta a tafin hannu ka duba fuskar da ke danne mazauni. Idan ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri har ba ta lanƙwasuwa, zafi da tsufa ne. Wannan ba abin mamaki ba ne a inda baƙin tanki ke shan ranar Afrilu da Mayu, zafin gari ya haura digiri 40, ruwan azahar ya fito kamar an dafa. Idan zobe mai zurfi ya fito a kanta daidai wa daida, ta baje ta yi leɓe a gefe, matsewa ce ta yi yawa. Idan ka ga ƙwayoyin yashi sun nutse a jikinta, to ruwanka ne ke ɗauke da yashi. Idan kuma a wuri ɗaya ta yage ko ta ci, sauran jikinta lafiya, to mazauni ne ya samu rauni, kuma shi ne babban dalilin yoyon da ke dawowa.

Mazauni

Haska tocila cikin ramin da ka cire kan famfon. Za ka ga zobe mai ɗan tudu yana kewaye da ƙofar ruwa. Sa ɗan yatsa ka zagaya shi da farce. Lafiyayye sumul yake, farce ba ya tsayawa ko’ina. Wanda ya lalace za ka ji farcenka ya faɗa wani ɗan tsagi, wani lokaci siririn da ido ba ya gani sai an karkata haske.

Yadda tsagin ke samuwa shi ne: ƙwayar yashi ta maƙale lokacin da aka rufe, ta bar ’yar kafa. Ruwa ya riƙa bi ta kafar dare da rana, yana zaizayar ƙarfen har ya yi wa kansa hanya. Sabuwar roba tana da taushi, tana cusa kanta cikin tsagin ta toshe shi, shi ya sa kake ganin an samu lafiya na mako biyu ko uku. Amma duk rufewa bakin tsagin yana yankarta. Mutanen gida su ga ɗigo ya fara, su ƙara matsewa, matsewar ta ƙarasa ta.

Gyaran iri biyu ne. Wasu famfunan, musamman na baho da ake binnewa a bango, mazauninsu kwancewa yake yi. Alamarsa ita ce ƙofar tsakiyar ba zagayayya ba ce, tana da kusurwa shida ko huɗu. Alanki, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwoyi, wanda ya dace da ramin zai fito da shi, ka kai shago a ba ka irinsa. Saura kuwa mazaunin a jikin famfon aka zuba shi, sai dai a goge. Akwai ƙarfen da aka yi don wannan aiki, ana ɗaura shi a gurbin kan famfon a juya, haƙoransa su share saman zoben. Ba kowane mai gyaran famfo ne a ƙauye ke da shi ba, amma za ka iya yin madadinsa. Samu guntun ice madaidaici da zai shiga ramin, ka yanke bakinsa ya kwanta sosai, ba karkace ko kaɗan. Yanko sanfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, ka manna a bakin da gam. Jiƙa ta, ka dafa icen a tsaye cak a kan mazaunin, ka murza tsakanin tafukanka. Bayan ’yan juyi ka ɗaga ka haska. Abin da kake nema shi ne zoben ya yi ƙyalli gaba ɗaya, ba tare da baƙin layi ya ratsa shi ba. Da ka samu haka ka tsaya. Idan ka karkata hannu ka cinye gefe ɗaya, babu robar da za ta sake zama daidai.

In tsagin ya yi zurfi har ya kai gindin zoben, ko ka ga ƙarfen yana marmashewa fari-fari, kada ka ɓata yininka. Famfon ya gama aiki.

Kafin ka mayar da kan, sa wani ya buɗe bawul ɗin tanki na ’yan daƙiƙu, kai kuma ka kifa kofi a bakin ramin. Ruwan zai wanko garin ƙarfe da yashin da ke kwance a bututu. Wanda ya tsallake wannan ya mayar da sabuwar roba kan abin da ya kashe tsohuwa.

Washar kanta ka sayi daidai girman famfon: na wanke hannu da na tsakar gida yawanci rabin inci ne, na baho kan zo a inci uku bisa huɗu. Na san ana yanko ta daga tsohon tib na babur ko silifas. A matsayin maganin dare ɗaya ba laifi, amma tib ya cika siriri, silifas kuma ya cika laushi, kuma wuƙa ba ta fitar da zagaye daidai.

Duba sandar ma. Idan kana rufewa ka ji ta kai ƙarshe sannan ta zame ta ci gaba da juyawa, tiredinta, wato zanen murɗin da ke jikinta, ya cinye, sai dai sabon kai gaba ɗaya.

Ruwan da ke fita ta ƙarƙashin mariƙi gyaransa ba wuya. In akwai ƙaramin noti da sandar ta ratsa ta cikinsa, ƙara masa rubu’in juyi. Bai tsaya ba, kwance shi, ka murza farin tef na famfo ya zama kamar zare, ka naɗa wa sandar zagaye uku ko huɗu, ka mayar. In siraran zobban roba ne a jikin sandar, canza su. Abin da za ka kiyaye shi ne man da za ka shafa musu: baƙin mai, giris na mota da basilin duk suna kumbura irin wannan roba. Man silikon ake so, in babu a jiƙa da ruwa kawai.

Mai tangaran

Shi ba a goge shi. Fito da kan, cire robar da ke gindinsa, mai launin ja ko shuɗi, ka zazzago fayafayan biyu kana lura da yadda suke zaune. Jiƙa su a ruwan lemon tsami ko khal idan farin dutse ya kama su, ka ɗauraye. Karkata su a hasken rana. Ko layi ɗaya ka gani a fuskar mai santsi, ko ɗan ɓalli a bakin rami, sai canji. Idan sumul suke, sau da yawa robar gindin ce ta kwanta, ita kaɗai za a sauya.

Wajen saye, tafi da tsohon a aljihu. Kada ka tsaya kana kwatance da baki, kada kuma ka yarda da “ai duk ɗaya ne, Alhaji.” Ba ɗaya ba ne. Tsawonsu ya bambanta, yawan haƙoran da mariƙi ke zama a kai ya bambanta, kuma a famfo mai hannu biyu wani dama yake buɗewa wani hagu. Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan kanta, ka gwada mariƙinka a kan sabon tun kana shagon. Katirij na mai hannu ɗaya kuwa faɗinsa ake aunawa, an fi samun milimita 35 da 40. Sukurun mariƙinsa a ɓoye yake bayan ɗan maɓallin nan mai ja da shuɗi, ƙaramin alanki ke kwance shi. A gindin katirij akwai ’yan ƙafafu biyu da dole su faɗa ramukansu kafin ka ɗaure notin sama, kuma ɗaurin na hankali ne, jikinsa roba ce.

A ganina, gidan da ruwansa ke da yashi kuma bai shirya sa matata ba, gara ya zauna a kan famfo mai roba. Ba shi da kyan gani kamar mai tangaran, amma ana gyara shi da abin da ke cikin gari.

Yashin daga ina yake?

Tara ruwa a farin bokiti daga famfon da ya fi kusa da tanki, ka ajiye shi sa’a ɗaya, ka tsiyaye a hankali, ka shafa gindin da yatsa. In ka ji gurzi-gurzi, to da sauran rina a kaba, duk gyaran da ka yi a sama na ɗan lokaci ne.

Wannan ya fi damun mutanen arewa da gabashin Jigawa, wajajen Gumel, Malam Madori da Haɗeja, inda ƙarƙashin ƙasa rairayi ne da laka na kwarin Tafkin Chadi. Burtsatsen da ba a sa masa matata mai kyau ba, ko ba a zuba tsakuwa ta kewaye ta yadda ya kamata ba, zai riƙa jawo lallausan yashi. A ƙasar dutse irin ta Birnin Kudu, Rano ko Kazaure abin bai kai haka ba, amma can ma tsohon bututun ƙarfe yana sakin ɓawon tsatsa, wanda ɓarnarsa ɗaya ce da ta yashi.

Fara da wanke tanki. Sauke ruwan, a kwashe lakar da ke gindi, a ɗauraye. Aikin mutum biyu ne, kada wani ya hau ƙarfen tanki shi kaɗai. Bayan nan a sauya ɗabi’a biyu. Ta farko, a daina barin tanki yana ƙafewa ƙaf, domin ruwan farko da ya faɗo kan busasshen gindi yana tayar da duk abin da ya kwanta, ya tura shi bututu. Ta biyu, in an gama bugo ruwa a ba shi ko rabin sa’a ya natsu kafin a buɗe famfuna. Idan mafitar tankin a can ƙasa take, mai gyara zai iya sa mata ɗan guntun bututu daga ciki ya ɗaga bakinta kamar taƙi ɗaya, yashin ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Sai matata. A nan a yi lissafi. Kowace mita 10 ta tsayin tanki ba ta ba da matsin da ya wuce “bar” ɗaya a ma’aunin ƙarfin ruwa, tankunan gidajenmu kuwa mita 3 zuwa 5 suke. Ƙarfin ruwan kaɗan ne. Idan ka sa matata mai matsattsen ido bayan tanki, shawa za ta koma tsiyaya. Ko dai ka sa mai ragar da ake cirewa a wanke, ko ka sa ta tsakanin burtsatse da tanki, inda ƙarfin inji ke tura ruwan. Wannan lissafin kuma yana nuna maka cewa in wani ya ce ƙarfin ruwa ne ke fasa maka roba alhali daga tanki kake sha, bai duba da kyau ba. Zancen matsi yana tasowa ne kawai in an haɗa famfunan kai tsaye da inji.

Idan yashin ya yi yawa har kana kwasarsa da hannu a tanki, musamman a ƙarshen rani da ruwan ƙasa ke ja baya, a kira masu burtsatse. Sau da yawa sumo, wato injin da ke cikin burtsatsen, shi ne ya sauka kusa da gindin rijiya, ɗaga shi sama kaɗan yana rage abin, kuma yana tsawaita ran injin kansa.

Yoyon jikin bango

Kwance famfon gaba ɗaya, ka kankare tsohon tef. Riƙe shi bakin tiredin na kallonka, ka naɗa sabo ta hannun dama, yadda in kana ɗaurawa ba zai warware ba. In tef ɗin siriri ne, zagaye 10 zuwa 15. Ɗaura da hannu har ya tsaya, ka ƙara juyi ɗaya da sifana. In ya wuce saiti kada ka dawo da shi baya, ciro shi ka sake naɗi.

In ka yi haka sau biyu bai daina ba, haska cikin soket ɗin da ke bango. Famfon ƙarfe da aka matse cikin soket na roba yana tsaga shi, tsaga siririya da ke buɗewa sai an ɗaura. Tef ba ya maganinta, gam ma haka. A fasa ɗan wurin a sa soket mai tagulla a ciki, a kama shi da siminti kada ya yi motsi. Famfon baho mai hannu biyu da ke manne a bango kuwa, tsakanin bututunsa biyu santimita 15 ne. In magini ya kauce, akwai karkatattun mahaɗai da ke zuwa tare da shi don a daidaita. Wanda ya ja famfon da ƙarfi ya ɗaure a karkace, robar notin gefe ɗaya za ta ci gaba da zuba.

Sannan a duba ko ana rataya bokiti a wuyan famfo. Lita 20 na ruwa kilo 20 ne, kullum yana jan haɗin ƙasa. Ajiye bulo ko kujerar tsuguno a ƙarƙashi, bokitin ya zauna a kai.

Hannun mutanen gida, da abin da za ka saya

Bayan gyara tara yara da duk mai shiga banɗakin ka nuna musu: yatsu biyu sun isa rufe famfo. Mai roba yakan saki ɗigo biyu ko uku bayan an rufe, ba sai an bi shi da ƙarfi ba. Mai tangaran kuwa in ya kai inda ya tsaya, ya tsaya.

Idan canji ya kama, ko a Ƙofar Ruwa cikin Kano ka je ko shagon garinku, ɗauki famfon ka auna a hannu. Na tagulla yana da nauyi, kuma in ka leƙa cikin tiredinsa za ka ga rawaya. Mai arahar nan mara nauyi, toka-toka ne a ciki, ƙyallin na waje ne kawai, mazauninsa ba ya ɗaukar gugar sanfefa, wuyansa kuma yakan karye a cikin soket. Araha ba ta ado. Ka haɗa da ƙaramin bawul a sa wa bututun banɗakin shi kaɗai, don gyara na gaba kada a yanke wa uwargida ruwan girki.

Gwajin ƙarshe da dare ake yinsa. Goge ko’ina ya bushe, naɗa takarda a wuyan famfon da inda ya haɗu da bango, ajiye busasshen kwano a ƙarƙashin bakinsa. Rufe duk famfunan gida, ka sa alama a inda ruwan tanki ya tsaya. Da safe ka duba ukun. In kwano da takarda a bushe suke amma ruwan tanki ya sauka, yoyon yana cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa. Bi layin bututun kana neman inda fenti ya kumbura, ko farin gishiri ya fito a jikin filasta, ko ciyawa ta yi kore ita kaɗai a tsakiyar rani. Nan za a fara tona.